Tef Ɗin Tela

Shekara ashirin ina auna ƙugun mutane a Mabera,
ban taɓa juyo da tef ɗin kaina ba,
sai ran da likita ta duba takarda ta ce,
"Malam Sahabi, sukarinka ya fara hawa,
tumbin nan kuma ba ado ba ne."
Na dawo shago, na tura ƙofa,
na zagaya tef. Arba'in da huɗu.
Na sake zagayawa ko ya yi kuskure. Bai yi ba.

Daren nan na sallami tuwon shinkafa,
na ce wa fura sai wata rana,
masa da burodi da kunun safe
duk na ɗaure masu kaya.
Kulu na tsaye da mara a hannu:
"To, mi za ka ci?"
Na ce ƙwai, da kifin Kwalkwalawa,
zogale, rama, da abin da mahauci ya yanka.

Kwana bakwai, sikelin kemis ya zubar da kilo uku.
Na yi fara'ar wanda aka biya tsohon bashi.
Nafi'u, yaron kemis, ya ce,
"Baba, yawancinsa ruwa ne,
kitsen bai ko nemi takalminsa ba."
Na biya hamsin ɗina, ban yi masa sallama ba.

Sai keke ya fara tona min asiri.
Hanyar Arkilla da nake takawa ina gaisawa da jama'a
ta koma kamar an ɗora min buhun siminti.
Kai na sara, baki ya bushe,
cinya ta zama aron wani.
Ranar Asabar a filin Giginya
na yunƙura in bi samari zagaye ɗaya,
rabin fili na tsaya na dafa gwiwa,
wani yaro ya miƙo min ruwa yana ce min sannu.

A mako na uku nauyin ya ɗaga.
Na lura jiki murhu ne, ya san itacensa:
tuwo kara ne, da an kyasta ya kama,
ya ba ka harshen wuta na gudu da hawan tudu.
Kitse kuwa kututturen kirya,
ba ya gaggawa, ba ya mutuwa.
Da shi na taka daga Mabera har gada ban ji yunwa ba,
amma in na ce masa tashi mu ruga,
sai ya dube ni ya ci gaba da cinsa a hankali.

Sannan tef ya kafe a arba'in da biyu
wata guda cur.
Kullum bayan isha'i ina Gawon Nama,
tsire shida, da ƙullin gyaɗa a aljihu.
Kulu ce ta faɗa, tana tankaɗe ba ta ɗago ba:
"Ka kori shinkafa ta ƙofa,
kitsen rago ya shigo ta taga.
Ciki dai mudu ne, ba ya tambayar sunan hatsi."

Yanzu tsire biyu.
Ran da zan hau keke mai nisa
malmala ɗaya 'yar ƙarama, da ludayin fura,
ƙafa ta samu abin hawan tudu.
Sauran kwanaki ganye da kifi, da tafiya bayan asuba.

Jiya tef ya ce talatin da tara.
Da dare, bayan na sallami yara,
na zauna kan keken ɗinki da wandona,
na rage masa ƙugu.
Almakashi na kusa, ban ɗauka ba.
Na ninke ragowar yadin daga ciki,
na bi shi da zare mai sauƙin warwarewa.